YADDA ƘASAR TOGO TA NEMO MATALAUTANTA DA WAYA DA KWAMFUTA

Duk manomin da ya taɓa tsayawa layin taki ya san inda rigima ta ke farawa, watau wurin rubuta sunaye. In Gwamnati ta aiko da buhu 200 a gunduma, masu bukata kuwa sun kai 2,000, tilas wani ya zauna ya zaɓa. Wanda ya riƙe alƙalami ran nan kowa gaishe shi ya ke yi. Daga nan sai a fara ƙorafi: wane ya sa ƙanensa da surukinsa, wane kuma bai taɓa riƙe fartanya ba amma ga shi da buhu uku, matar nan da mijinta ya rasu ta ke noma ita kaɗai bayan gari kuwa ba wanda ya tuna da ita. Wani lokaci zargin gaskiya ne. Wani lokaci kuwa mai rubutun bai ci amana ba, mutanen ne dai bai sani ba.

A shekarar 2020 ƙasar Togo ta gamu da wannan matsala, ga gaggawa kuma. Sai ta gwada wata sabuwar dabara: ta sa kwamfuta ta duba hotunan ƙasa da aka ɗauko daga sama, ta duba kuma yadda mutane su ke amfani da wayoyinsu na hannu, sa'an nan ta faɗi waɗanda suka fi talauci. Ya kamata manoma da 'yan kasuwa da akawuna su ji yadda abin ya gudana, domin irin wannan dabara tana yaɗuwa, ba mamaki wata rana da ita za a rubuta sunayen masu samun taki ko iri ko bashin noma.

Togo da zuwan annoba

Togo ƙasa ce 'yar siririya tsakanin Gana da Benin, ta miƙe daga bakin teku har iyakar Burkina Faso. A ƙidayar 2022 mutanenta wajen miliyan 8 ne. Babban birninta Lome yana bakin teku, daga can zuwa Dapaong, babban garin arewa, tafiyar fiye da kilomita 600 ce. Arewacin ƙasar ba baƙon wuri ba ne ga Hausawa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro a zamanin da ta nan su ke bi, su yada zango a Sansanne Mango bakin kogin Oti, sunan garin ma daga kalmar sansani ya samo asali. Har yanzu akwai unguwannin Zango a Lome da Sokode da Mango. Noman arewacin Togo kuwa kusan ɗaya ne da na ƙasar Hausa: damina ɗaya a shekara, dawa da gero da masara da wake da gyaɗa da auduga. Nan ne kuma talauci ya fi tsanani a ƙasar.

Cutar korona ta shiga Togo a watan Maris na 2020. Ran 1 ga Afril Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka hana fitar dare a Lome, aka tsananta shiga da fita. To, mai albashi ya iya zaman gida. Amma mai sayar da abinci a bakin titi, da tela, da ɗan dako, da ɗan acaɓa, ranar da ba su fita ba ranar ba a ɗora tukunya. Gwamnati ta ga in ba ta ba su abin sawa a baki ba, ba za su bi dokar ba.

Aka ɗora aikin a kan Cina Lawson, ministar da ke kula da harkokin waya da kwamfuta a lokacin. Cikin kwana goma ko kusa da haka ma'aikatanta suka shirya wani tsari da aka sa wa suna Novissi, watau taimakon juna da harshen Ewe. Ran 8 ga Afril aka buɗe shi.

Ba ofis, ba layi

Yadda a ke shiga ba wuya. Mutum ya danna *855# a wayarsa, ko da ƙaramar waya ce mai maɓallai wadda ba ta shiga intanet. Sai ta tambaye shi lambar katinsa na zaɓe. An zaɓi katin zaɓe ne don an yi zaɓen shugaban ƙasa a watan Fabrairu na shekarar, saboda haka rajistar sabuwa ce, tana ɗauke da sunayen mutum wajen miliyan 3 da dubu 600. A jikin rajistar kuma akwai unguwar mutum da sana'ar da ya faɗa da bakinsa tun kafin kowa ya san za a raba kuɗi. Wannan ya toshe ƙofar ƙarya ƙwarai, don ba yadda akawun banki zai wayi gari ya ce shi ɗan dako ne.

In unguwa da sana'a sun dace, kuɗi su shigo cikin asusun wayar mutum nan take, ta T-Money ko Flooz, ya je wurin wakili ya karɓa ko ya yi sayayya da su. Mace tana samun sefa 12,250 a wata, namiji sefa 10,500. Mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar a lokacin sefa 35,000 ne, watau mace ta sami kashi 35 cikin 100 nasa, namiji kashi 30. An fifita mata da gangan, bisa ganin cewa kuɗin da ya shiga hannun uwar gida ya fi saurin isa tukunya. Daga Afril zuwa Yuni mutum fiye da 560,000 suka karɓa, kusan biyu cikin uku mata ne.

Wannan duk a birni ne. Da aka juya wajen ƙauye sai dabarar ta cije.

Dalili kuwa a fili ya ke. A ƙauye kusan kowa manomi ya rubuta a katinsa. Mai shanun huɗa biyu da rumbu biyar manomi ne, wanda ya ke yin ƙodago a gonarsa shi ma manomi ne. Sana'a ba ta raba su. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuwa tun 2010 aka yi ta, ba kuma wani littafi da ya tara sunayen matalautan ƙasar. A ce a tura malamai gida gida su yi tambaya, ai sai an yi watanni, ga kuɗi mai yawa, ga shi kuma ana cikin annoba ana cewa kowa ya nisanci ɗan'uwansa. Wata ƙungiyar agaji ta Amurka mai suna GiveDirectly ta kawo kuɗi, amma ba za su ishi kowa ba.

Hoto daga sama

Sai Gwamnati ta nemi taimakon waɗansu masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, shugabansu Joshua Blumenstock, tare da ɗalibarsa Emily Aiken da waɗansu. Shi Blumenstock ya daɗe yana wannan bincike. A 2015 ya buga sakamakon wani gwaji da ya yi a Ruwanda, inda aka yi wa mutum 856 tambayoyi ta waya, daga amsoshinsu aka kintaci wadatar masu waya miliyan ɗaya da rabi.

Aikin Togo hawa biyu aka yi shi. Hawan farko shi ne a gane wuraren da suka fi talauci. Togo tana da ƙananan gundumomi 397 waɗanda su ke kira kanto. Aka ɗauko hotunan da tauraron ɗan Adam ya ɗauka na ƙasar duka, aka yayyanka su gida gida kamar gurbin dara. A shekarar 2018 zuwa 2019 kuwa ma'aikatan ƙididdiga na Gwamnati sun riga sun zaga gidaje wajen 6,000 sun rubuta abin da kowane gida ke ci da abin da ya ke kashewa. Sai aka nuna wa kwamfuta hoton wurin da kowane ɗaya daga cikin gidajen nan ya ke, aka gaya mata halin gidan. Da ta ga dubbai, sai ta fara gane alamu da kanta: rufin kwano da rufin ciyawa, hanyar kwalta da turbar ƙafa, girman gonaki, cunkoson gidaje. Sa'an nan aka ba ta hotunan sauran wuraren da ba wanda ya je, ta yi kintace.

Wannan shi ne abin da a ke kira ƙirƙirarriyar basira, ba kuwa wani tsafi a ciki. Dillalin shanu da ya shekara talatin a kara yakan dubi sa ya faɗi kuɗinsa bai taɓa shi ba, don ya ga dubbai an saya an sayar a gabansa. Kwamfuta haka ta ke koyo, sai dai ita tana ganin miliyoyi cikin dare ɗaya, ba ta gajiya, ba ta da suruki a ƙauyen. Amma kuma abin da aka nuna mata kaɗai ta sani.

Da wannan taswira aka fitar da gundumomi 100 da suka fi talauci. Galibinsu a arewa su ke.

Abin da waya ta ke faɗa a kan mai ita

Hawa na biyu shi ne mai wuya, watau a cikin gundumomin nan a gane wane ne ya fi wane bukata. Nan aka koma wajen kamfanonin waya biyu na ƙasar. Kowane kamfanin waya yana ajiye lissafin kowane layi don cajin kuɗi: sau nawa ya yi kira, minti nawa, da wane lokaci, daga wane yanki, katin nawa ya sa, ya sayi data ko bai saya ba, nawa ya shiga asusun wayarsa nawa ya fita. Ba maganar da aka yi a ke saurara ba, lissafin kawai a ke dubawa.

A watan Satumba na 2020 aka buga wa mutum kusan 9,000 waya a waɗannan gundumomi, aka yi musu tambayoyi a kan gidajensu da abin da suka mallaka, da yardarsu kuma aka haɗa amsoshin da lissafin layukansu. Kwamfuta ta dubi biyun ta koyi bambanci. Mai hali yakan sa kati mai yawa lokaci guda, ya daɗe yana magana, ya kira ƙasashen waje, ya sayi data, kuɗi suna kwana a asusunsa. Talaka yakan sa kati kaɗan kaɗan, kiransa gajere ne, yawanci kuma na kusa ne. Alamun da aka auna suna da yawa ƙwarai, waɗansu ma mutum ba zai taɓa tunaninsu ba. Da ta gama koyo, aka sa ta kintaci abin da masu layi miliyan 5 da dubu 700 su ke kashewa a rana.

Daga watan Nuwamba aka fara biya. Mutumin ƙauye ya danna lambar nan, ya sa katin zaɓensa. In katin ya nuna yana cikin gundumomi 100, kwamfuta kuma ta kintaci abin da ya ke kashewa a rana bai kai dala ɗaya da kwata ba, sai kuɗi su shigo. Mace fiye da sefa dubu takwas a wata, namiji wajen sefa dubu bakwai, har wata biyar. Kuɗin da ke hannu sun isa a ba kashi 29 cikin 100 na waɗanda suka yi rajista ne kawai. Zuwa Maris na 2021 mutum 57,000 sun samu ta wannan hanya. Daga baya aka faɗaɗa zuwa gundumomi 200, adadin ya kai wajen 138,000, kuɗin wajen dala miliyan 10. In aka haɗa da na birane, Novissi ta kai ga mutum wajen 920,000, watau kusan ɗaya cikin kowane baligi huɗu na ƙasar.

Manomi zai lura da lokacin da kuɗin suka zo, daga kaka zuwa tsakiyar rani. Lokacin ne hatsi ya ke arha, lokacin ne kuma mai ƙaramin ƙarfi ya ke kai buhunsa kasuwa don biyan bashi ko sayen magani, ya dawo da bazara ya sayi hatsin nan da tsada. Sefa dubu bakwai ko takwas a wata ba dukiya ba ce, amma tana iya hana a buɗe rumbu da wuri. Da aka bi sawun waɗanda suka karɓa aka gwada su da waɗanda ba su karɓa ba tukuna, an samu cewa abincinsu ya ƙaru, hankalinsu kuma ya fi kwanciya.

Kwamfuta ta yi daidai?

Nan ne ya kamata mai karatu ya natsu, domin masu yabon abin sukan tsallake wannan wuri. Masanan da kansu sun auna aikinsu, suka buga sakamakon a mujallar kimiyya mai suna Nature a watan Maris na 2022, ba su kuwa ɓoye kome ba.

Abin da suka auna shi ne, cikin matalauta na ainihi waɗanda ya kamata su samu, nawa aka tsallake. A ƙauyukan nan, cikin kowane mutum 100 da suka cancanta, dabarar waya ta tsallake 53. Fiye da rabi ke nan. Wanda ya ji wannan zai ce to ina amfanin? Sai a dubi sauran hanyoyin da Gwamnati ta ke da ikon bi a lokacin, kamar a zaɓi waɗansu gundumomi a ba kowa da kowa a ciki, ko a bi sana'a. Waɗannan da sun tsallake 59 zuwa 78. Da ƙuri'a aka jefa kuwa, tun da kuɗin na mutum 29 ne cikin 100, da an tsallake 71. Watau kwamfuta ta fi ƙuri'a nesa, ta fi sauran hanyoyin gaggawa, amma ba ta kusa da sanin gaibu ba.

Da suka auna ƙasar baki ɗaya, sai suka ce dabarar ta rage tsallake mabukata da kashi 4 zuwa 21 cikin 100 in an gwada ta da zaɓen yanki. Amma in da a ce Togo tana da cikakken littafin gidaje wanda malamai suka zaga suka rubuta, da littafin ya fi kwamfuta, don dabarar waya ta fi shi kuskure da kashi 9 zuwa 35 cikin 100. Ma'ana, inda littafi zai tsallake mutum 100, waya za ta tsallake 109 zuwa 135. Saboda haka malamin da ya shiga gida ya ga tukunya da rumbu da idonsa har yanzu ya fi. Waya ta ci nasara ne don ba littafin, ba kuma lokacin rubuta shi. In babu rairai, ai sai a yi tankaɗe da abin da ya samu.

Ba wuya a ga inda kuskuren ya ke fitowa, musamman ga manoma. Dukiyar mutumin ƙauye a rumbu ta ke da garke da gona, waya kuwa ba ta ganin ko ɗaya. A ɗauki makiyayi mai shanu hamsin wanda ba ya kiran kowa sai ran kasuwa, katinsa kuma na ɗari biyu ne. A idon kwamfuta wannan talaka ne tilis. A ɗauki kuma tsohon da ba shi da ko akuya, amma ɗansa yana ci-rani a Gana yana kiransa kullum, 'yan unguwa kuma suna aron wayarsa suna kiran nasu 'ya'yan. Layinsa zai yi kama da na mai hali. Aron waya kuwa ruwan dare ne a ƙauye, wani gidan ma waya ɗaya ce tsakanin miji da mata da 'ya'ya. Kowane mai unguwa ya san bambancin mutanen nan biyu ba sai an gaya masa ba.

An duba kuma ko kwamfuta ta ware mata, ko wata ƙabila, ko wani addini. Ba a sami alamar haka ba, wannan kuwa abin yabo ne. Amma an ga cewa iliminta yana tsufa. Abin da ta koya bana, in an yi amfani da shi bayan shekara ɗaya da rabi, kuskure ya ƙaru, domin farashin kati yana sakewa, halin mutane da waya ma yana sakewa. Sai an riƙa sabunta tambayoyin, wannan kuwa kuɗi ne.

Waɗanda ba a ko gani ba

Akwai kuma waɗanda kwamfuta ba ta yi kuskure a kansu ba don ba su zo gabanta ba sam. A Togo a lokacin, gidaje wajen 85 cikin 100 suna da waya, amma in mutum ɗaiɗai a ke ƙirgawa, wajen 65 ne cikin 100. Sauran 35 ɗin su wane ne? Yawanci tsofaffi, da mata, da mutanen ƙauyukan da ke nesa da hanya, watau ainihin waɗanda aka fito nema. Wanda ba shi da katin zaɓe shi ma ya fita. Wanda ya ruga ya sayi sabon layi da ya ji labari, layin ba shi da tarihin da za a auna. Ga wanda labarin bai kai kunnensa ba, ga wanda ya danna lambar rubutu ya fito bai iya karantawa ba, ga ƙauyen da sai an hau tudu a ke samun sabis. An yi shela a rediyo da harsunan ƙasar, an tura mutane kasuwanni, duk da haka da yawa sun wuce.

Sai maganar sirri. Lissafin kiran mutum ba ƙaramin abu ba ne, yana nuna inda ya kwana da wanda ya ke hulɗa da shi. A wannan aiki an ɓad da lambobin kafin masana su duba su, abin da aka miƙa wa masu biya kuwa jerin layukan da suka cancanta ne kawai. An kyauta. Amma ƙofar da aka buɗe don rabon taimako, wata Gwamnatin tana iya buɗe ta don karɓar haraji ko farautar 'yan hamayya. Kariya ɗaya ita ce doka mai ƙarfi wadda ta faɗi wanda zai taɓa lissafin, da dalili, da ranar da za a share shi.

Abin da ya fi ci wa mutane rai kuwa shi ne rashin wanda za a tambaya. Maƙwabta biyu, gonakinsu a jere, ɗaya wayarsa ta yi ƙara kuɗi sun shigo, ɗaya shiru. In dagaci ne ya hana shi, ya san ƙofar da zai je ya yi kuka, ya san kuma hakimi yana sama da dagaci. In kwamfuta ce, wa zai kai ƙara? An buɗe lambar waya ta karɓar koke, amma mai amsawa ba zai iya ce wa mutum ga alamar da ta kayar da kai ba, don alamun sun yi yawa, in ma an bayyana su sai masu wayo su sake halinsu da waya don su yi kama da matalauta. Duk Gwamnatin da za ta kwaikwayi Togo, wannan gurbi ne ya kamata ta fara cikewa: a ajiye wani kaso na kuɗin, a kafa kwamitin unguwa wanda wanda aka tsallake zai je gabansa, a zo a ga gidansa.

Nijeriya da Nijar

Manoman Nijeriya sun ɗanɗana rabin wannan labari tun kafin Togo. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ya ke ministan gona, aka fara tsarin GES, aka rubuta sunayen manoma miliyoyi da lambobin wayarsu. Saƙo ya shigo wa manomi, ya je wurin dillalin da aka amince da shi, ya biya rabin kuɗi ya ɗauki buhu biyu na taki, a haɗa masa da iri. Ministan ya ce kafin nan manoma 11 ne kawai cikin 100 su ke samun takin da Gwamnati ta sa wa rangwame. Tsarin ya rage 'yan tsakiya, amma ya gamu da irin cikas ɗin nan: rashin sabis, rashin waya, suna a littafi saƙo bai zo ba, taki ya iso bayan an yi noman farko. Bayan 2015 ya tsaya, dillalai suna bin Gwamnati bashi. Ita ma Togo ta yi nata irin wannan a 2016, mai suna AgriPME, inda rangwamen taki ya ke shiga wayar manomi, shi ya sa ma'aikatanta ba su sha wuyar haɗa Novissi ba.

A watan Janairu na 2021 kuma Nijeriya ta buɗe wata rajista ta gaggawa don matalautan birane da korona ta karya, a nan ma an yi amfani da taswirar talauci ta hotunan sama wajen zaɓen unguwanni. Babbar rajistar matalauta ta ƙasa kuwa wata hanya ta bi, mutanen gari ne su ke taruwa su faɗi waɗanda suka fi bukata a cikinsu, sa'an nan malamai su bi gidajen. Wannan tana ganin rumbu da garke, amma ita ce kuma son kai ya ke iya shiga. Hanyoyin biyu kowace tana ganin abin da ɗayar ba ta gani, saboda haka haɗa su ya fi zaɓen ɗaya.

A Nijar, bayan farin 2009, ƙungiyar Concern ta raba kuɗin agaji a ƙauyuka 96 na jihar Tawa a 2010, waɗansu hannu da hannu, waɗansu ta waya. Aka ga matan da suka karɓa ta waya sun huta da doguwar tafiya da jiran layi, abincin gidajensu kuma ya fi yawan iri. Amma can sai da aka raba wa matan wayoyin tukuna, aka koya musu yadda a ke dannawa. Wannan mataki shi ne Gwamnatoci su ke yawan mantawa.

Akwai abin da manomi zai iya yi tun yanzu, ba sai ya jira ba. Ya yi rajistar layinsa da sunansa na gaskiya, irin wanda ke jikin katinsa na ɗan ƙasa da na zaɓe, harafi da harafi, don bambancin Muhammadu da Mamman ya hana mutane da yawa haƙƙinsu. Ya riƙe layi ɗaya ya daina sakewa. In da hali, uwar gida ta sami nata layin da sunanta. Kada kuma ya ba kowa lambobin sirrin asusunsa, ko da mai kiran ya ce daga ofishin Gwamnati ya ke, domin duk inda aka ce ana rabon kuɗi ta waya, 'yan damfara suna biye. Akawun da ke rubuta sunaye kuwa ya sani lamba ɗaya da ya karkata tana iya fitar da gida guda daga rabo shekara da shekaru.

Su mutanen Togo ba su tsaya a kan waya ba. Tun a watan Satumba na 2020, ana tsakiyar aikin Novissi, majalisarsu ta yi dokar ba kowane mutum lambar shaida ta kansa mai haɗe da hoton yatsu, aka kafa hukumar da za ta yi aikin, da niyyar a gina littafin gidaje da mabukata a kanta. A ƙarshen 2022 kuma malaman ƙidaya suka fita gida gida, karo na farko cikin shekara 12, suka ƙirga mutum miliyan 8 da dubu 95 da 'yan kai.